Kuɗin Sauya Rufin Gida: Lissafin da Ya Wuce Farashin Kwano

Da zarar hadarin farko ya haɗo daga gabas a watan Mayu, hankalin magidanta da yawa kan koma saman ɗakunansu. Wani yana jera bokitai a inda ruwa ke ɗiga, wani kuma gari na wayewa ya tarar iska ta yaye kwanon ta jefa shi gidan maƙwabci. Tambayar farko da ake yi wa kafinta ita ce, "Nawa ne bandir ɗin kwano yanzu?" Daga nan kuskuren ke farawa, domin kwano ɓangare ɗaya ne kawai na abin da aikin zai ci.

Abu na farko shi ne awo. Rufi kullum ya fi daɓen gida faɗi. A ɗauki gida mai tsawon mita 12 da faɗin mita 10, wato murabba'in mita 120. Idan aka fitar da bakin rufin da santimita 60 ta kowane gefe don kada ruwa ya riƙa dukan bango, awon ya koma kusan 148. Idan kuma gangaren rufin ya kai digiri 30, za a ƙara kusan kashi 15 cikin 100, ya zama wajen 171. Ga inda kwano ke hawa kan ɗan'uwansa, ga yanke-yanken da ake zubarwa a kusurwoyi. Wanda ya yi kasafi da 120, kuɗinsa zai ƙare aiki bai kai ko'ina ba. Haka nan rufi mai tsini da lanƙwasa da yawa, irin wanda ake yayi a sababbin unguwanni, ya fi cin katako da kwano da ladan aiki.

Sai nau'in abin rufawa. Kwanon da aka saba da shi ƙarfe ne da aka lulluɓe da tutiya, kuma ranar da tutiyar ta cinye, tsatsa ta samu ƙofa. Alminiyam mai dogon zango ba ya irin wannan tsatsar, kuma da yake ana yanko shi daidai tsawon rufin, mahaɗarsa kaɗan ce, yoyo ma kaɗan. Sai dai kaurinsa ya bambanta. Mai milimita 0.55 ya fi mai 0.45 yawan ƙarfe da fiye da kashi 20 cikin 100, amma ido ba ya rabe su. Shi ya sa ya kamata mai saye ya nemi a auna kaurin a gabansa, a kuma rubuta shi a rasit.

Inda aka fi yin asara shi ne abin da ke ƙarƙashin kwanon. Ba a sanin halin da katako ke ciki sai an yaye rufin. Sau da yawa sai a tarar gara ta ƙwaƙule shi, ko danshin shekaru ya ruɓar da shi, ko silin da wayoyin lantarki sun lalace. Katakon da ake sayarwa a kasuwanni irin 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano daga nesa ake ɗauko shi, galibi daga dazuzzukan kudu, don haka kuɗin mota na cikin farashinsa. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, darajar naira kuma ta faɗi bayan haka, kayan gini suka yi tashin gwauron zabi. Farashin bara ba ya aiki bana.

Iska ba danne rufi take yi ba, ɗaga shi take yi. Idan ta ratsa ta samansa da ƙarfi sai ta riƙa zuƙo shi sama, ta fi kuma kama shi a gefuna da kusurwoyi. Abin da ke riƙe shi shi ne ɗaurin katako a jikin bango da rodi ko waya mai kauri, da isassun ƙusoshi, da katakon da ba a ware tsakaninsa fiye da kima ba. Waɗannan ba su da tsada idan aka kwatanta da kwano, amma su ake fara ragewa idan aljihu ya yi zafi. Araha ba ta ado.

Magabatanmu masu soron ƙasa da azara ba sa jiran ruwa ya sauka. Tun da rani suke yin yaɓe, su gyara indararo. Wannan dabarar ba ta tsufa ba. A yi aikin da rani, lokacin da katako ya bushe, kafintoci kuma ba su da cunkoso. A karɓi lissafi a rubuce daga kafinta biyu ko uku, a ware kuɗin kaya daban da na jinga, a ajiye wani abu saboda ɓarnar da za ta bayyana bayan an buɗe. Wanda ya biya kuɗin ɗauri da katako mai kyau sau ɗaya, shi ne zai kwana da iyalinsa cikin natsuwa daren da hadari ya taso.