Haɗa Kimiyyar Harshen Ingilishi da Faransanci a Jami'a: Kaya Biyu ne Ko Ɗaya?

Gabatarwa

Sau da yawa idan aka ji ɗalibi ya haɗa nazarin kimiyyar harshen Ingilishi da koyon Faransanci, akan ce ya ɗora wa kansa taura biyu. Wasu kuma sukan ɗauka abin da yake koyo bai wuce iya magana da harsunan Turawa guda biyu ba. Wannan maƙala za ta yi bayanin abin da haɗin ya ƙunsa, da dalilin da ya sa darussan biyu suke taimakon juna, da kuma inda mai jin Hausa yake da riba ko yake iya tuntuɓe.

Aikin Iri Biyu Ne

Da farko ya kamata a bambance tsakanin sanin harshe da sanin yadda harshe yake aiki. Ɗalibin da ya shigo jami'a a Nijeriya ya riga ya iya Ingilishi gwargwado, saboda haka a ajin kimiyyar harshe ba magana ake koya masa ba. Ana koya masa feɗe harshen ne: ilimin furuci, tsarin sauti, ƙirar kalma, ginin jumla, ilimin ma'ana, tarihin harshe da kuma walwalar harshe a cikin al'umma. A ɓangaren Faransanci kuwa, yawancinmu daga tushe muke farawa, sai an haddace kalmomi, an saba kunne, an motsa baki.

Ɗalibin da bai gane wannan bambanci ba shi ne yake shan wahala. Wani yakan karanta nahawun Faransanci kamar lissafi, ya ci jarrabawa, amma ya kasa sayen burodi a Kwatano. Wani kuma yakan dogara da cewa yana jin Turanci, sai ya faɗi a darasin tsarin sauti don bai taɓa zama ya nazarci abin da bakinsa yake yi ba.

Tarihi Ya Riga Ya Haɗa Su

Ingilishi da Faransanci 'yan babban gida ɗaya ne, wato dangin harsunan Indiya da Turai, amma ɗakunansu daban. Ingilishi ɗan'uwan Jamusanci ne, shi kuwa Faransanci daga Latin ya tsiro. Abin da ya cuɗanya su yaƙi ne. A shekarar 1066 Wiliyam, sarkin yankin Nomandi da ke arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi. Daga nan sarauta da kotu da manyan gidaje suka koma amfani da Faransanci har tsawon kusan shekara 300, talakawa kuma suka ci gaba da Ingilishinsu. Sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa shari'a da Ingilishi, ita ma dokar da Faransanci aka rubuta ta.

Sawun wannan zamani yana nan a cikin kalmomi. Dabbar da manomi yake kiwo ta riƙe sunanta na Ingilishi, kamar "cow" da "sheep", amma naman da ake kai wa teburin masu mulki ya ɗauki sunan Faransanci, "beef" da "mutton", daga kalmomin da a yau ake rubuta su "boeuf" da "mouton". Haka kalmomin mulki da shari'a irin su "court", "judge", "parliament" da "government". Wani ƙidaya da aka yi a kan ɗaya daga ƙamusoshin Oxford a 1973 ya nuna cewa kimanin kashi 28 cikin 100 na kalmomin da ke ciki daga Faransanci suka shigo. Ke nan ɗalibin tarihin Ingilishi da bai san Faransanci ba, haddar jerin kalmomi kawai zai yi. Wanda ya san shi kuwa yana ganin hanyar da kowace kalma ta biyo.

Shi kansa fannin kimiyyar harshe yana da jijiya a Faransanci. Littafin Ferdinand de Saussure, mutumin Janeba ta ƙasar Suwizalan, wanda ake ɗauka a matsayin harsashin kimiyyar harshe ta zamani, da Faransanci ya fito a 1916, shekara uku bayan rasuwarsa. Shi ya sa har yau littattafan Ingilishi suke amfani da kalmominsa "langue" da "parole" ba tare da fassara ba. Haka nan haruffan furuci na duniya da muke rubuta sautuka da su a aji, ƙungiyar da ta samar da su a Paris aka kafa ta a 1886 ƙarƙashin jagorancin Paul Passy, wanda malamin koyar da Ingilishi ne. Daniel Jones, mai ƙamusun furucin Ingilishi na 1917, ya yi karatu a wurin Passy ɗin.

Yadda Ɗaya Yake Taimakon Ɗaya

A fagen furuci ne ake fara ganin amfanin haɗin. Faransanci yana da wasalin da babu shi a Hausa, babu shi a Ingilishi, wanda ake ji a kalmar "tu". Mai koyo da kunne kawai yakan mayar da shi "u", sai "dessus" da ke nufin sama ta koma "dessous" da ke nufin ƙasa. Amma ɗalibin furuci ya san sirrin: a ajiye harshe a inda ake furta "i", sannan a kewaye leɓɓa kamar za a ce "u". Haka wasulan hanci na kalmomin "bon" da "vin": ya san cewa hanɗa ake saukarwa iska ta bi ta hanci, ba baƙin "n" ake furtawa ba.

Ta ɗaya ɓangaren, Faransanci yana sa ɗalibi ya lura da abin da ya saba ji a Ingilishi bai taɓa kula ba. Baƙaƙen "p", "t" da "k" a farkon kalmar Ingilishi suna fitowa da 'yar iska a bayansu, na Faransanci kuwa ba su da ita. A Ingilishi kowace kalma tana da gaɓar da ake dannawa, har ma wurin dannawar yakan sauya ma'ana, kamar "record" suna da "record" aikatau. A Faransanci kuwa nauyin yakan faɗa kan gaɓar ƙarshe ta rukunin kalmomi.

A ginin jumla ma haka abin yake. Bature ɗan Ingila zai ce "He often eats rice", bayanau kafin aikatau. Bafaranshe kuwa sai ya ce "Il mange souvent du riz", aikatau kafin bayanau. Wannan ɗan bambanci ne Jean-Yves Pollock ya gina fitacciyar maƙalarsa ta 1989 a kansa, wadda masu nazarin ginin jumla suke komawa gare ta har yau. Ɗalibin da yake da harsunan biyu a hannu, misalan ba baƙi ba ne a wurinsa.

Ribar Mai Jin Hausa

Hausa ba ta da dangantakar asali da ko ɗaya daga cikinsu, domin ita 'yar reshen Cadi ce a dangin harsunan Afirka da Asiya. Duk da haka akwai wuraren da ta fi Ingilishi kusa da Faransanci. Hausa tana raba suna zuwa namiji da mace, haka Faransanci, alhali Ingilishi ya daɗe da zubar da wannan tsari. Ɗalibin da yake cewa "rigar ta tsufa, wandon ya tsufa" ba zai yi mamakin "la" da "le" ba. Sai dai a yi hattara, jinsin ba lallai ya zo ɗaya ba. Rana mace ce a Hausa, amma "le soleil" namiji ne. Wata namiji ne, amma "la lune" mace ce.

Korewa ma tana da kama. Muna cewa "ban ci ba", da "ba" gaba da baya, shi ma Bafaranshe a rubuce yana kewaye aikatau da "ne" da "pas". Kuma kamar yadda mukan ce wa babba "ku" don girmamawa, haka yake cewa "vous".

Misalin da ya fi ƙayatarwa shi ne na mallaka. A Ingilishi "his" da "her" suna duban mai abu ne. A Faransanci "son" da "sa" suna duban abin da aka mallaka, shi ya sa "sa voiture" za ta iya zama motarsa ko motarta. Hausa kuwa ta haɗa duka biyun. A "motarsa" da "gidanta", "r" da "n" suna nuna jinsin abin, "sa" da "ta" kuma suna nuna jinsin mai shi. Ɗalibin da ya fahimci nahawun harshensa ya riga ya riƙe mabuɗin tsarin biyu.

Sannan Hausa ta yi aro daga harsunan biyu, kowane a ɓangarensa na iyaka. A Nijeriya muna da "direba", "birki", "burodi" da "fasinja", inda ake cusa wasali tsakanin baƙaƙen da suka haɗu, "p" kuma ta koma "f". A Nijar akwai "lakwal" wato makaranta, da "mushe" wato malamin makaranta, da "jandarma". "Lakwal" daga "l'école" ta fito, an aro ta tare da madubin sunanta, kamar yadda "lafiya" da "labari" suka taho da guntun "al" na Larabci. Wannan fili ne mai faɗi ga mai neman batun kundin digiri.

Inda Ake Tuntuɓe

Kamar da ke tsakanin harsunan biyu ita ce kuma tarkonsu. Akwai kalmomin da masana suke kira abokan ƙarya, masu kama a rubutu amma ma'ana ta raba hanya. "Librairie" shagon sayar da littattafai ne, ba laburare ba. "Actuellement" na nufin a halin yanzu. "Attendre" jira ne, ba halarta ba. Wanda ya fi shafar ɗalibai shi ne "passer un examen", wato zama jarrabawa kawai, cin ta kuwa "réussir" ne. Haka rubutu yakan rikice, "address" da "adresse", ko "development" da "développement". Maganin wannan shi ne a keɓe littafi guda don tara irin waɗannan kalmomi tun daga shekarar farko.

Matsala ta biyu ita ce rabon lokaci. Darasin kimiyyar harshe yana iya jurar karatun dare uku kafin jarrabawa, ko da yake ba a so. Harshe kuwa ba ya shiga ta wannan hanya. Minti 30 kullum na sauraro da magana ya fi awa biyar a ranar Asabar.

Fita Daga Aji

A jami'o'in Ingila irin wannan digiri yakan ɗauki shekara huɗu, a yi ta uku a ƙasar da ake magana da Faransanci. A Nijeriya ma ɗaliban Faransanci sukan yi zaman gogewa a shekara ta uku. Saboda tsadar tura ɗalibai waje ne gwamnatin tarayya ta kafa Ƙauyen Koyon Faransanci a Badagry ta jihar Legas a 1991. Akwai kuma cibiyoyin Alliance Française a birane irin su Legas, Ibadan da Kano, inda ake shirya jarrabawar DELF da DALF masu auna ƙwarewa daga matakin A1 zuwa C2. Takardar wannan jarrabawa ce masu ɗaukar aiki a waje suka fi ganewa.

Me Za a Yi da Shi?

Ƙasashe huɗu da suka yi iyaka da Nijeriya ta ƙasa, wato Binin, Nijar, Cadi da Kamaru, duk ana gudanar da aikin hukuma da Faransanci a cikinsu. Wannan ne ya sa a 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ayyana shi a matsayin harshen hukuma na biyu, kodayake tsarin mulkin 1999 bai ambace shi ba, Ingilishi da Hausa da Ibo da Yarbanci ya ambata don aikin majalisa. Ƙungiyar ECOWAS mai hedikwata a Abuja tana aiki da Ingilishi da Faransanci da Fotugis, don haka tafinta da mai fassara ba sa rasa abin yi. A aikin jarida ma, sashen Hausa na Rediyon Faransa da aka buɗe a Legas a 2007 misali ne na inda harsuna uku suke haɗuwa a tebur ɗaya.

Wani zai ce ai tauraron Faransanci yana dusashewa, tunda Mali a 2023, sannan Burkina Faso, sun sauke shi daga matsayin harshen hukuma. Gaskiya ne, amma sun bar shi a matsayin harshen aiki. Nijar kuwa a 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta kuma sanya Ingilishi da Faransanci su zama harsunan aiki. Duk wanda ya riƙe waɗannan uku, ya kuma san ƙa'idojinsu, sauyin bai rage masa daraja ba, ƙara masa ya yi, domin dokoki da littattafan makaranta da ƙamusoshi suna buƙatar masu fassara da masu ƙirƙirar kalmomin fannu.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa haɗa kimiyyar harshen Ingilishi da Faransanci yana yin nauyi ne ga wanda ya ɗauke su a matsayin darussa biyu da ba ruwan ɗaya da ɗaya. Shawara ga 'yan'uwa ɗalibai ita ce, duk ƙa'idar da aka koya a ajin kimiyyar harshe a gwada ta a kan Faransanci a ranar, sannan a tambayi kai yadda Hausa take yi da ita. Wanda kuma tsarin sashensa bai ba shi damar haɗa digirin ba, yana iya ɗaukar Faransanci a cikin darussan zaɓi tun daga aji ɗaya. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.