Ƙurar katako: cutar da ke shiga shagon kafinta ba sallama

A unguwar Makama da ke cikin garin Yola, kamar sauran shagunan kafintoci na Jimeta, injin da ake kafewa a ƙarƙashin tebur domin fitar da ado a gefen ƙofa da gado ya sauƙaƙa aikin da a da ake wuni ana yi da hannu. Sai dai bakinsa yana juyawa fiye da sau 20,000 a minti guda, kuma abin da yake fesowa ya wuce garin katakon da ake gani a ƙasa. Akwai ƙura mai laushi da ke daɗewa a iska, wadda maigida da yaran shago ke shaƙa tun safe har magariba.

Tun shekarar 1995 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, mai mazauni a birnin Liyon na Faransa, ta sanya ƙurar katako a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa cutar, musamman a kogon hanci. Tana kuma jawo asma da ƙaiƙayin fata. A Birtaniya, doka ta taƙaita ƙurar katako mai tauri a miligiram 3 cikin kowace mita kubik ta iska.

Maganin shi ne a kama ƙurar tun a inda take fita. A irin wannan tebur tana bin hanya biyu: ta bayan sandar da ake jingina katako, da ta ƙasa inda injin yake rataye. Idan aka rufe ƙasan da akwati, aka haɗa wuraren biyu da bututu zuwa injin zuƙa, yawancinta ba za ta kai hanci ba. Ƙyallen da ake ɗaurawa a fuska ba ya tare mai laushin, shara a bushe kuwa sake tayar da ita take yi. Gara a yayyafa ruwa tukuna.

Dokar Masana'antu ta 1987 ta riga ta wajabta sanya na'urar zuƙe ƙura kusa da inda take tasowa, kuma sufetocin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ne ke da alhakin bibiya. Amma kafintan da ke sayen man janareta da kuɗin aikin ranar, da wuya ya kunna inji na biyu don ƙura kawai.

A nan ne jami'an da ke ba da kwangilar kujeru da teburan ofis suke da ta cewa. Idan takardar kwangila ta sanya na'urar zuƙa cikin sharuɗɗa, ta kuma lissafa kuɗinta cikin farashi, yaron da ya shiga shago yana ɗan shekara 15 zai iya kai wa ga buɗe nasa da lafiyayyen huhu.