Masallacin da Teku Ya Cinye a Jakarta da Batun Hurumin Gaɓar Ruwa

A unguwar Muara Baru da ke arewacin Jakarta akwai wani ƙaramin masallaci mai suna Wal Adhuna. Fiye da shekara ashirin ke nan rabon da a yi kiran salla a cikinsa. Duk wanda ya ga hotonsa zai ga gini tsaye a cikin ruwan gishiri, gansakuka ta rufe bango, rufin kwano ya ruɓe, raƙuman ruwa suna shiga ta ƙofa suna fita ta taga. Lokacin da hukuma ta ja katangar kare unguwar daga teku, sai masallacin ya faɗa a wajen katangar. Waɗanda suka gina shi a kan busasshiyar ƙasa suka gina shi, kuma da ƙafa suke takowa salloli biyar.

Alhazanmu sun san mutanen wannan ƙasa. Su ne waɗanda tun da can ake kira mutanen Jawa a Makka da Madina, masu tafiya sahu-sahu cikin natsuwa a wajen ɗawafi. Indonesiya tana sahun gaba a yawan Musulmi a duniya, kuma Jakarta kaɗai tana ɗauke da mutum fiye da miliyan 10, in aka haɗa da garuruwan da suka manne mata a haura miliyan 30. Kimanin kashi 40 cikin ɗari na birnin yanzu yana ƙasa da doron teku. Wato akwai unguwannin da mutum zai tsaya a ƙofar gidansa ya ɗaga kai ya hangi jirgin masunta a saman katanga.

Da yawa daga cikinmu idan muka ji wannan labari sai mu ce sauyin yanayi ne, mu wuce. Gaskiya ne teku yana tasowa. Masana na Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta cewa daga 1901 zuwa 2018 ya ƙaru da kimanin santimita 20, saboda narkewar ƙanƙara da kuma kumburin da ruwa yake yi idan ya ɗumama, kuma saurin ƙaruwar a 'yan shekarun nan ya kai wajen milimita 4 a shekara. Sai dai abin da ya cinye Wal Adhuna ya fi wannan sauri nesa ba kusa ba. Ƙasar ce take nutsewa. An auna wuraren da suke sauka har santimita 25 a shekara guda a arewacin birnin, kuma yankin Muara Baru ya sauka da kimanin mita 4 tun daga shekarun 1970.

Babban dalili shi ne rijiyar burtsatse. An kafa Jakarta a kan laka da taɓon da koguna 13 suka tara a bakin teku. Ruwan famfo bai kai ga da yawa daga mazauna birnin ba, saboda haka gidaje da masana'antu da otal-otal da manyan kantuna kowa ya haƙa tasa rijiyar, wasu masu zurfin gaske. Idan aka zuƙe ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin laka sai lakar ta matse, kamar soson da aka murɗe, kuma ba ta sake kumbura. Ga nauyin benaye a kanta, ga siminti da kwalta sun shafe filayen da ruwan sama ya saba bi ya koma ƙasa. Sakamakon haka kogunan da ya kamata su gangara teku da kansu yanzu sai an tara ruwansu a tafki irin na Pluit, a sa manyan injuna su ɗaga shi su zuba a bayan katanga. Ranar da ruwan sama ya fi ƙarfin injuna, ko wuta ta ɗauke, birni ya zama kwarya. A daren shiga shekarar 2020 an yi ruwan da ya kai milimita 377 a wani sashe na birnin, mutum fiye da 60 suka rasu.

Ciwon yana da magani, domin an taɓa warkar da shi a wani wuri. Wasu unguwannin Tokiyo sun nutse fiye da mita 4 a ƙarnin da ya gabata. Gwamnatin Japan ta kafa dokokin taƙaita zuƙar ruwan ƙasa a 1956 da 1962, ta jawo wa masana'antu ruwa daga koguna, kuma zuwa tsakiyar shekarun 1970 nutsewar ta kusa tsayawa cak. Jakarta ma ta fitar da doka a 2021 da ta hana manyan gine-gine a wasu yankuna taɓa ruwan ƙasa daga 2023. Amma ba a hana mai ƙishi rijiya sai an kai masa famfo, kuma a nan ne aikin yake tafiyar hawainiya.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne tambayar da ke biyo baya: idan an yarda cewa akwai wurin da bai kamata a yi gini ba a bakin ruwa, wa za a tasa, wa za a bari? Dokar Indonesiya ta keɓe aƙalla mita 100 daga iyakar da cikar teku take kaiwa a matsayin filin da ake karewa. A watan Afrilun 2016 hukumar birnin, ƙarƙashin Gwamna Basuki Tjahaja Purnama, ta rushe unguwar masunta ta Kampung Akuarium, dab da tsohon masallacin Luar Batang mai tarihi tun ƙarni na 18, da hujjar gyaran gaɓa da kare birni daga ambaliya. A daidai wannan lokaci kuwa akwai shirin cike teku da yashi a yi tsibirai 17 a gaban wannan gaɓa, domin gidajen masu hali da wuraren kasuwanci. Masunta suka ce an hana su kwana a bakin ruwa, an ba wasu izinin kwana a tsakiyarsa. Wasunsu suka koma suka kafa tantuna a kan ɓaraguzan gidajensu. Wani gwamna da ya zo daga baya, Anies Baswedan, ya soke izinin tsibirai 13 a 2018, kuma a 2021 aka buɗe benayen da aka gina wa mutanen Akuarium a wurinsu na asali. Ba mu ce kowane gida a bakin teku sai an bar shi ba. Mun ce dokar da take da haƙora a kan bukka, ba ta da su a kan bene, mutane ba za su ɗauke ta doka ba.

Ɗalibanmu na fiƙihu sun san wannan magana da wani suna. Kalmar hurumi da muke amfani da ita daga harimi ta samo asali, wato filin da ke kewaye da rijiya ko kogi ko gari, wanda amfanin jama'a ya rataya a kansa, don haka ba a mallaka wa mutum ɗaya. Imam Jalaluddin Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, shi ne malamin nan na Masar da ya aike da wasiƙar nasiha ga sarakunan Katsina da Agadas. Ya zauna a tsibirin Rauda da ke cikin kogin Nilu, ya ga masu iko da dukiya suna tura gine-ginensu cikin gaɓa, sai ya rubuta risala sukutum kan haramcin hakan, mai suna Al-Jahru bi Man'il Buruzi ala Shaɗi'in Nahri, inda ya nuna cewa mazhabobi huɗu ba su saɓa ba a kai. Kafin shi Ibnul Hajji, malamin Malikiyya mai littafin Madkhal, ya yi irin wannan suka. Adalci ne mu faɗi cewa damuwar waɗannan malamai ita ce haƙƙin jama'a na isa ga ruwa, mai jirgi ya ɗaure jirginsa, mai ɗiba ya ɗiba, mai wucewa ya wuce. Ba lissafin tashin teku suke yi ba. Amma hukuncin ya faɗa daidai inda masu tsara birane na yau suke nuni, kuma abin lura, waɗanda aka yi wa faɗan manya ne.

Haka nan tare ruwa da gini ba rashin tawakkali ba ne. Malaman tarihin Makka sun ruwaito cewa a shekara ta 17 bayan Hijira wata ambaliya da ake kira ta Ummu Nahshal ta kutsa Masallacin Harami har ta ɗauke Maƙamu Ibrahim ta kai shi gangaren gari. Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya taso daga Madina, ya mayar da dutsen wurinsa, sannan ya sa aka gina madatsa da manyan duwatsu a saman gari domin karkatar da ruwa. Kuma da ya buƙaci faɗaɗa Harami ya sayi gidajen da ke kewaye, waɗanda suka ƙi sayarwa ya ajiye musu kuɗinsu har suka karɓa. An tashi mutane saboda maslahar jama'a, amma ba a tashe su hannu rabbana ba.

Idan aka bar Jakarta aka nufi gabas a kan wannan gaɓa ta arewacin Jawa, sai a isa Demak, inda aka kafa daular Musulunci ta farko a tsibirin, kuma babban masallacinta na ƙarni na 15 yana nan har yau. A gundumar Sayung teku ya shigo da nisan kilomitoci. A da gonakin shinkafa ne da dajin itatuwan nan masu tsira cikin ruwan gishiri, waɗanda ake kira mangurof, saiwoyinsu suna riƙe laka suna karya ƙarfin igiyar ruwa. Aka sare su aka haƙa tafkunan kiwon kifi da jatan lande lokacin da kasuwarsu take ci. Masana'antun birnin Semarang da ke maƙwabtaka kuma suna ta zuƙar ruwan ƙasa. A ƙauyen Bedono an kwashe unguwanni biyu ɗungurungum. Kabarin Shehu Mudzakir, malamin da ya karantar a yankin, yanzu ruwa ya kewaye shi, masu ziyara sai ta doguwar gadar ƙafa ko cikin kwalekwale. A Timbulsloko mutane suna cike daɓen ɗakunansu da ƙasa sau bayan sau, har rufi ya kusa taɓa kai, hanyoyin ƙauye sun koma gadojin katako, maƙabarta ma sai da aka yi ta jigilar ƙasa ana ɗaga ta.

A irin wannan wuri mas'alolin da muke karantawa a zaure muna ganin kamar misalai ne na nesa sun zama na yau da gobe. Malaman Malikiyya masu sharhin Mukhtasar, da suka zo bayanin halaccin ɗauke mamaci daga kabarinsa saboda maslaha, misalin da suka kawo shi ne tsoron kada teku ya cinye kabarin, da sharaɗin kada a keta alfarmar mamacin. A cikin Muwaɗɗa akwai labarin shahidan Uhudu biyu, Amru ɗan Jamuhu da Abdullahi ɗan Amru, waɗanda ambaliya ta tone kabarinsu bayan shekara 46 aka canza musu wuri. Batun masallaci ya fi tsauri, domin waƙafi ne. Shafi'iyya, waɗanda su ne rinjaye a Indonesiya, suna tsanantawa wajen hana sayar da shi ko musanya shi ko da ya rushe, Malikiyya ma suna kusa da haka a kan filaye da gine-gine, Hambaliyya kuwa sun sassauta idan amfaninsa ya yanke, suna kafa hujja da yadda Sayyidina Umar ya sa aka canza wa masallacin Kufa wuri. Dokar waƙafi ta Indonesiya ta 2004 ta buɗe ƙofar musanya idan tsarin filaye na hukuma ya buƙaci wurin domin amfanin jama'a, da izinin minista a rubuce, kuma a maye gurbinsa da abin da bai gaza shi daraja ba. To amma wa zai musanya fili mai kyau da filin da kifi yake iyo a kansa?

Wannan tambaya ta taso a zahiri lokacin gina babbar hanyar Semarang zuwa Demak, mai tsawon kusan kilomita 27, wadda aka tsara wani sashenta ya zama katangar teku. Dokar ƙasar ta ce filin da ya ɓace haƙƙin mallakarsa ya faɗi. Masu filayen kuwa suna riƙe da takardunsu, wasu suna kiwon kifi a kan gonakin iyayensu da suka nutse, suka ce ba su yarda a kira shi ɓataccen fili ba. Taƙaddamar diyya ta jinkirta aikin, har sai da gwamnati ta sake duba ƙa'idar biyan.

An kuma gwada hanya mai araha a Demak daga 2015. Maimakon siminti, aka kakkafa shingayen gora da rassan itace a cikin ruwa mara zurfi. Igiyar ruwa tana ratsa su a raunane, lakar da ta ɗauko ta kwanta a baya, idan ta yi tudu sai mangurof ya tsiro da kansa. Aka koya wa masu tafkuna su bar sashen gaba ga itatuwa su yi kiwo a baya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yaba wa aikin a 2022. Sai dai su kansu masu aikin sun nuna cewa inda ƙasa take sauka da sauri, lakar ba ta iya cim mata, tsiron ya nutse tun yana ƙarami. An sake komawa kan rijiyoyin Semarang ke nan.

Gwamnatin tarayya ta ɗauki manyan matakai biyu. A watan Agustan 2019 Shugaba Joko Widodo ya sanar da mayar da babban birni zuwa gabashin Kalimantan a tsibirin Borniyo, aka yi dokar a farkon 2022, aka raɗa wa sabon birnin suna Nusantara. Ma'aikatu za su iya ƙaura, mai sayar da kifi a Muara Baru ba ya cikin lissafin. Majalisar Malaman Indonesiya ta fitar da fatawa mai lamba 86 ta 2023 da ta haramta ayyukan da ke lalata muhalli suna jawo rikicin yanayi. Shugaba Prabowo Subianto kuma ya yi maganar katangar teku mai tsawon kimanin kilomita 500, daga Banten zuwa Gresik, a kan dala biliyan 80, aikin da ya ce zai ɗauki shekara 15 zuwa 20. A wurin da ƙasa take sauka santimita 10 a shekara, kafin a aza tubalin ƙarshe ta ƙara sauka mita biyu, kuma katangar a kan wannan ƙasa za ta zauna.