Bala Miller, Ɗan Limamin Coci Mai "Ikon Allah"

Idan ka bi kogin Binuwai daga Garwa, ka gangara har inda ya haɗu da Kwara, Lakwaja za ka tarar. A wannan gari ne wani yaro ɗan asalin Zazzau ya fara ɗora hannu a kan kayan busa irin na Turawa. Sunansa Bala Miller. An haife shi a Pankshin a 1928. Mahaifinsa limamin coci ne na mishan ɗin CMS, yana cikin mutanen ƙasar Hausa na farko-farko da suka karɓi addinin Kirista, kuma aikin coci ne ya kai iyalin Lakwaja. Daga nan aka tura yaron Legas, makarantar CMS Grammar School, inda ya shiga rukunin masu busa.

Ya tashi a lokacin da kiɗan highlife ke tashe, zamanin su Bobby Benson da Victor Olaiya. Da rana ma'aikacin kamfani ne, da dare yana cikin makaɗa, har ya taimaka wa Olaiya da tsara waƙa. Da ya tsaya a nan, da ya zama ɗaya daga cikin ɗaruruwan mabusan Legas da aka manta. Sai ya juyo gida.

A ƙasar Hausa ta wancan lokaci galibi kiɗa gādo ne. Makaɗi yana da ubangida, yana da 'yan amshi da sanƙira, abincinsa yana hannun wanda ya wasa. Su Narambaɗa da Shata sun kai ƙololuwa a wannan tsari, ba mai ja da su. Amma ɗan boko mai albashi ya ce kiɗa zai sa a gaba? Dangi ma sai su kira taro a kansa. Bala Miller bai gaji kalangu ba, bai kuma roƙi kowa ba. Abin da ya riƙe shi ne cewa kiɗa ilimi ne da ake rubutawa a takarda, a koyar a aji kamar lissafi. A zamanin Gwamna Audu Baƙo ya tsaya aka kafa makarantar koyon kiɗa a Kano. Bayan ya yi aiki a shirye-shiryen bikin FESTAC na 1977, sai ya tara matasa ya horar da su, ya kafa ƙungiyarsa, Great Music Pirameeds of Africa.

Talabijin ne ya shigar da shi ɗakunan mutane. A shekarun 1980 gidan NTA ya riƙa watsa shirinsa, Bala Miller Show. Ba kowane gida ke da akwatin ba, don haka yaran unguwa kan cika tsakar gidan mai shi, wasu a tabarma, wasu na leƙe ta taga. Mabusa a jere, masu jita da ganguna a gefe, kowa na jiran alamar hannun mutum ɗaya. Wannan aiki ya fi yadda ake zato wuya. A gidan biki, muddin ana liƙi makaɗi ba ya sauka, waƙa ɗaya na iya cin rabin dare. A gaban kyamara agogo ne sarki: dole a san daƙiƙar da masu busa za su shigo, da inda murya za ta huta, da inda za a tsaya cak tare. Ya ɗora Hausa a kan wannan ma'auni, kuma ba ta yi ƙwaiba ba. Can Kamaru ma, Ali Baba ɗan Garwa ya bi makamanciyar wannan hanya, yana waƙa da Hausa da Fulatanci a kan kayan zamani.

Waƙarsa da ta fi zama a bakin jama'a ita ce "Ikon Allah", waƙar mamakin ƙudurar Ubangiji. Ni a nan nake ganin girman mutumin. Ɗan limamin coci ya rera waƙar da Alhaji zai ƙara wa rediyo murya idan an sa ta, matar fasto kuma ta bi ta tana daka, kowanne yana jin da bakinsa aka yi magana. A Arewar da rikicin addini ya fara yi wa illa a waɗannan shekaru, musamman jihar Kaduna, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ya rasu a 2003, yana da kimanin shekara 75 a duniya. Kafin nan ɗakunan ɗaukar waƙoƙin fim sun cika Kano, inda saurayi ɗaya da fiyano ɗaya ke fitar da sautin da Bala Miller sai ya horar da mutum goma sha wani abu kafin ya samu.