Sarrafa Eko da Ƙafa: Yadda Makaɗi Ke Mallakar Sautinsa a Filin Wasa

A wuraren bukukuwan aure da tarukan siyasa da majalisun mawaƙa da ake yi a garuruwan Jihar Kebbi irin su Gwandu da Kalgo, da wuya murya ta fito daga lasifika sau ɗaya tak ta wuce, domin masu hayar kayan sauti sun saba murɗa wani ɗan maɓalli a jikin mikisa wanda ke sa kowace kalma ta dawo sau biyu ko uku kafin ta ɓace. Wannan maimaicin shi ne masu sana'ar ke kira eko, kuma na'urar da ke samar da shi aikinta ɗaya ne, wato ta riƙe sauti na ɗan lokaci sannan ta sake shi a bayan na asali. Ga makaɗin jita, wanda hannunsa ɗaya ke danne tsirkiya ɗayan kuma ke kaɗa ta, tambayar da ke tasowa ita ce ta yaya zai ƙara ko ya rage wannan maimaici a tsakiyar waƙa alhali ba shi da hannun da zai miƙa.

Abubuwa uku ne ke fayyace kowane irin eko. Na farko shi ne tazarar da ke tsakanin sauti da dawowarsa, wadda ake aunawa da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Na biyu shi ne yawan dawowar, wanda ke samuwa ta hanyar mayar da wani kaso na sautin da ya fita zuwa cikin na'urar domin ya sake zagayowa, kuma idan wannan kaso ya wuce kima sai maimaicin ya daina raguwa, ya riƙa hauhawa da kansa har ya zama ƙara mai huda kunne. Na uku, wanda shi ne ya fi damun mai wasa a bainar jama'a, shi ne ƙarfin maimaicin idan aka kwatanta shi da sautin asali. Kunnen ɗan Adam yana haɗe sautuka biyu su zama ɗaya muddin tazararsu ba ta wuce kimanin milisakan 50 ba, amma da ta kai 100 sai ya ji su a rabe, kuma tun da sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa guda, bangon da ke nesa da mita 17 ya isa ya mayar da amo a wannan tazara. Ma'anar haka ita ce zauren taro mai bangon siminti da rufin kwano yana da nasa eko tun kafin a kunna na'ura, fili kuwa ba shi da komai, saboda haka saitin da ya yi daɗi a ɗaya zai iya zama hayaniya a ɗayan.

Tarihin na'urar bai kai shekara ɗari ba. A shekarun 1950 ana samar da eko ne da zaren ɗaukar sauti, inda wani kai ke ɗaukar sauti wani kuma ke karanta shi bayan zaren ya ɗan matsa, kuma da wannan dabara ce Sam Phillips ya ɗauki waƙoƙin Elvis Presley na farko a Memphis ta Amurka a 1954. Kamfanin Roland na Japan ya fitar da Space Echo a 1974, akwati mai nauyi da masu haɗa kiɗa na Jamaika suka rungume shi, sai kuma kamfanin Boss ya fitar da DD-2 a 1983, na'urar dijital ta farko da ta ƙanƙance har ta zama ɗan akwatin da ake takawa, mai iya riƙe sauti na milisakan 800. Tun daga lokacin da eko ya sauko ƙasa kusa da takalmin makaɗi, kunna shi da kashe shi suka zama aikin ƙafa, amma maɓallan daidaita shi suka ci gaba da jiran yatsu, kuma makaɗin da ya sunkuya ya murɗa su dole ya saki kiɗa.

Misali mafi kusa da ƙasar Hausa na jitar lantarki a gaban jama'a yana Jamhuriyar Nijar, inda makaɗan Buzaye na Agadas da kewaye suka mayar da ita kayan kiɗan bikin aure, ana buga ta a fili da janareta da ƙananan amfilifaya. Daga cikinsu akwai Bombino da Mdou Moctar, wanda ya ɗauki kundinsa na farko mai suna Anar a Sakkwato a 2008, a ƙarƙashin tasirin salon sutudiyon waƙoƙin Hausa, kafin waƙoƙin su yaɗu ta katin wayar salula har su kai ga kamfanin Sahel Sounds na Amurka. Kiɗan waɗannan makaɗa yana da halaye biyu da ke sa tsayayyen eko ya zama matsala. Waƙa takan fara a hankali da dogayen sautuka masu buƙatar fili, inda maimaici ke ƙara mata armashi, sannan ta rikiɗe zuwa yatsu masu gudu waɗanda maimaici mai ƙarfi ke cakuɗa su har ba a rarrabe ɗaya da ɗaya. Bugu da ƙari, saurin kiɗan kansa yana ƙaruwa yayin da masu rawa da masu tafi suka ɗauki zafi, abin da duk wanda ya san kiɗan taron Hausa ya saba da shi.

Maganin matsala ta farko ita ce feda mai lilo, wadda ake ɗora tafin ƙafa a kanta ana danna ta gaba da baya. Ita kanta sautin jita ba ya bi ta cikinta, domin abin da ke ciki ɗan gurbi ne mai rage ƙarfin lantarki gwargwadon juyawarsa, wanda injiniyoyi ke kira fotenshiyomita, kuma aikinsa shi ne ya shaida wa na'urar eko inda ƙafa ta tsaya ta hanyar waya mai layi uku. Makaɗi yakan saita iyakoki biyu tun kafin wasa, ya ce idan diddige ya sauka maimaicin ya yi ƙasa har kusan ba a jin sa, idan yatsun ƙafa suka danna gaba kuma ya kai matakin da ya dace da kaɗaitaccen kiɗa, duk abin da ke tsakani kuwa na hannun ƙafa ne. Na'urar DL4 ta kamfanin Line 6, wadda ta fito a 1999, tana barin feda ɗaya ta sauya maɓallai da yawa a lokaci guda. Wannan tunani ba baƙo ba ne ga makaɗin kalangu, wanda ke matse tsirkiyoyin gangarsa yana sakewa domin ya ɗaga sauti ko ya sauke shi ba tare da ya dakatar da gula ba. Sai dai akwai tarko a wajen saye, domin kamfanoni ba su daidaita kan yadda ake jera layukan wayar ba, haka ma ƙarfin gurbin ya bambanta, wasu om 10,000 wasu fiye da haka, saboda haka feda da ba ta dace da na'ura ba takan yi aiki rabi da rabi ko ta ƙi yi sam, kuma hikima ita ce a gwada su tare a gaban mai shago.

Matsala ta biyu, ta sauyin sauri, ana magance ta da maɓallin da ake bugawa da ƙafa daidai da bugun kiɗa, na'urar kuma ta auna tazarar da ke tsakanin bugun ta mayar da ita tazarar eko. Lissafin mai sauƙi ne: a raba 60,000 da yawan bugu a minti guda. Kiɗa mai bugu 120 yana buƙatar milisakan 500, amma idan ya hau zuwa 150 sai buƙatar ta koma 400, kuma makaɗin da bai sake bugawa ba zai ji maimaicinsa na faɗowa a bayan ganga, yana tuntuɓe da ita.

Akwai wasu hanyoyi ga wanda na'urarsa ba ta da ramin feda. Ana iya raba sautin jita gida biyu, ɗaya ya tafi mikisa kai tsaye, ɗayan ya bi ta fedar ƙarfin sauti ta yau da kullum sannan ya shiga eko, ta yadda sauke diddige zai hana sabon sauti shiga amma ya bar wanda ya riga ya shiga ya ƙarasa dusashewa. Akwai kuma na'urorin da ke rage maimaici da kansu yayin da ake kaɗawa su sake shi idan an yi shiru, dabarar da ta shahara da na'urar 2290 ta kamfanin TC Electronic na Denmak. Manyan ƙungiyoyi suna amfani da tsarin MIDI na 1983, wanda ke aika matsayin feda a matsayin lamba daga 0 zuwa 127, amma wannan ya fi ƙarfin buƙatar mai wasan biki.

Yanayin ƙasar Kebbi yana da nasa sharuɗɗa. Ƙurar hunturu tana shiga gurbin feda ta sa shi ƙaraƙara ko tsalle daga mataki zuwa mataki, don haka rufe ta a jaka bayan wasa wajibi ne, kuma fedojin da ke aiki da haske a maimakon guga sun fi jure wannan. Yawancin ƙananan na'urorin suna cin bolt 9, amma na dijital suna shanye batir da sauri, wutar janareta mai hawa da sauka kuma tana iya kashe su su dawo da wani saiti dabam a tsakiyar waƙa, abin da ke sa sitabilaiza ta zama ɓangaren kayan kiɗa.

Gaskiya ne cewa jita ba ta yi ƙarfi a Gwandu da Kalgo ba, inda fiyano da kalangu da kayan tsirkiya na gargajiya suka fi rinjaye, amma matsalar ɗaya ce ga duk wanda ya jingina makirfo a jikin kukuma ko garaya ko molo yana waƙa, domin shi ma hannuwansa biyu a ɗaure suke, kuma mai mikisa yakan saita eko sau ɗaya ya koma gefe. Asarar da ake yi a nan ta fi ta jita girma, saboda waƙar Hausa magana ce kafin ta zama kiɗa, kuma a harshen da tsawon wasali da karin sauti ke bambanta ma'ana, gaɓar da ta dawo ta hau kan ta gaba tana iya goge kirari ko sunan wanda ake yabo. Gwandu, garin da aka san shi da rubutacciyar waƙa tun zamanin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, bai dace a riƙa binne kalma a cikin amo a tarukansa ba. Mikisoshi da dama, har da wasu na kamfanin Yamaha, suna da rami a jikinsu na sa makunnin ƙafa mai kashe eko da kunna shi, kuma kuɗin wannan makunni bai kai na makirfo mai kyau guda ba. Ya kamata masu hayar kayan sauti su duba ko nasu na da shi, su saye makunnin, su ajiye shi a gaban mawaƙi, su kuma nuna masa yadda zai kashe eko idan zai yi magana ko ambaton suna, ya mayar da shi idan 'yan amshi suka karɓa.