Tubali da Bulo: Yadda Zafi Ke Ratsa Bangon Ɗaki

Gabatarwa

Sanannen abu ne a ƙasar Hausa cewa idan bazara ta kama, ɗakin soro na ƙasa ya fi ɗakin bulo mai rufin kwano sanyi. Akasarin mutane sun ɗauka dalilin haka shi ne wai zafi ba ya iya ratsa ƙasa. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna cewa ba nan gizo ke saƙar ba, domin kuwa asirin sanyin soro yana ga kaurin bangonsa da irin rufinsa, fiye da ita kanta ƙasar da aka yi tubalin da ita.

Gudun zafi cikin kayan gini

Ɗabi'ar zafi ce ya tashi daga wuri mai ɗumi ya nufi wuri mai sanyi, amma saurin tafiyarsa ya danganta da abin da yake ratsawa. Masana kimiyya suna auna wannan sauri da wani ma'auni da ke nuna yawan zafin da zai wuce ta cikin abu mai kaurin mita 1 idan gefensa guda ya ɗara ɗayan ɗumi da digiri 1. Bisa ga wannan ma'auni, ƙarfe yana da misalin 50, kankare kuwa tsakanin 1.4 da 2. Jan bulo da tubalin ƙasa kusan kunnen doki suke yi, watau daga misalin 0.5 zuwa 1. Iskar da ke tsaye wuri guda ita ce ta fi kowa nawa, domin nata bai wuce 0.026 ba.

Daga nan za a fahimci cewa duk bulon da ya ƙunshi iska a cikinsa ya fi tare zafi. Alal misali, a ƙasar Suwidin an ƙago wani bulo mai kumfa a cikin shekarun 1920, wanda ƙananan ramukan iska suka cika jikinsa, ma'auninsa kuwa tsakanin 0.1 da 0.2 yake. Haka kuma ramukan da ke cikin bulon siminti mai inci 6 ko inci 9 suna rage gudun zafi, ko da yake zafin kan bi ta haƙarƙarin bulon ya wuce. Ke nan idan tare zafi kaɗai ake magana, tubalin ƙasa ba shi ne gwani ba.

Riƙe zafi da jinkirta shi

To, ina sanyin soro ya samo asali? Amsar ita ce, bango mai nauyi yakan shanye zafi ya riƙe shi kafin ya miƙa shi gaba. A bangon ƙasa, zafin rana yana cin misalin santimita 3 ne a cikin awa guda. Saboda haka bango mai kaurin santimita 30 zai jinkirta shi har wajen awa 10. Maginan Hausa kuwa sukan jera tubali sahu biyu ko fiye, gindin bangon ya kai rabin mita ko ya zarce, sa'an nan ya riƙa sirancewa zuwa sama. Zafin da ya bugi irin wannan bango da azahar ba zai iso cikin ɗaki ba sai dare ya raba, ya kuma iso a raunane. Bulon siminti mai inci 6 kuwa, cikin 'yan awoyi kaɗan zafi ke ƙetare shi.

Wannan ɗabi'a ta dace da ƙasa irin ta Kano ko Damagaram, inda zafi kan kai digiri 40 da rana a watan Afrilu, da hunturu kuma ya sauka ƙasa da digiri 15 da dare. A lokacin sanyi, ɗumin da bango ya tara da rana shi yake gasa ɗaki da dare. Sai dai kuma tana da nata cikas, domin a tsakiyar bazara, sa'ad da daren ma ba sanyi gare shi ba, bango yakan amayar da zafinsa ga masu barci. Shi ya sa ake shimfiɗa tabarma a tsakar gida ko a bisa soro.

Matsayin rufi

Har ila yau, ba daidai ba ne a ɗora wa bulo laifin duka. Da tsakar rana, rana kan tsaya kusan bisa kai, don haka rufi ya fi bango shan ta. Rufin soro, wanda ake shimfiɗa azarar giginya a zuba ƙasa mai kauri a kai, yana aiki tamkar bango ne. Kwano kuwa ƙarfe ne marar kauri, da zarar ya ɗau zafi sai ya juye shi cikin ɗaki, musamman in babu silin.

Magina na zamani sun lura da haka. A shekarar 2001 Francis Kéré ya gina makarantar firamare ta Gando a Burkina Faso da bulon ƙasa wanda aka matse da inji, ya kuma ɗaga kwanon sama da silin don iska ta riƙa bi tsakani. A ƙauyen Dandaji na Jamhuriyar Nijar ma, da irin wannan bulo aka gina sabon masallaci wanda aka kammala a 2018.

Kammalawa

A taƙaice, abu biyu ne ke sa ɗaki sanyi: tare zafi, wanda aikin iska ne, da jinkirta zafi, wanda aikin kauri da nauyi ne. Wanda ya yi bangon ƙasa siriri ya aza masa kwano ya yi asarar amfanin ƙasar. Wanda kuma ya zaɓi bulo don gudun yaɓen kowace shekara, ya kamata ya nemi mai inci 9, ya sa silin, ya bar wa iska hanya, ya shafa farin fenti a waje, ya kuma dasa itace ta yamma da ɗakin. Hausawa dai sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an san abin da ke maganin a cikinta.