Aljabara da Rabon Gona a Karkarar Arewacin Kano

Duk wanda ya ratsa ƙauyukan Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa zai ga gona na manne da gona, ba saura ba daji. A irin wannan ƙasa taki ɗaya na iya raba zumunci, saboda haka lissafin fili ba abin wasa ba ne. Wannan maƙala za ta nuna yadda ginshiƙai biyu na aljabara suke bayyana wannan lissafi.

Kalmar aljabara daga Larabci ta fito, daga sunan littafin da Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi ya wallafa a Bagadaza wajen shekarar 820. Babban kaso na littafin kuwa a kan wasiyya da gado yake.

Ginshiƙi na farko shi ne folinomiyal, watau jumla mai gaɓoɓi. A nan harafi ke tsayawa a madadin adadin da ba a fayyace ba. Ana iya tara shi, ko a ɗebe, ko a riɓanya, amma ba a raba wani abu da shi. Alal misali, manomi na da gona murabba'i, kowane gefe taki x. Sai ya sayi fili wurin maƙwabta, tsawon ya ƙaru da taki 30, faɗin da taki 20. Girmanta ya zama (x + 30)(x + 20), watau x² + 50x + 600. Gaɓoɓi uku ke nan: tsohuwar gona, da gefuna biyu da aka ƙara, da 'yar kusurwar da ta haɗa su. In x taki 100 ne, jimla 15,600.

Ginshiƙi na biyu shi ne jumla bisa jumla, inda ake raba folinomiyal ɗaya da wani. A nan ne gado ya shigo. A ɗauka mutum ya rasu, iyayensa sun riga shi, ya bar mata da 'ya'ya maza m da mata n, da gona G bayan an fid da bashi da wasiyya. Matar na da tumuni. Saura 7G/8 na 'ya'ya ne, namiji rabo biyu, mace ɗaya. Rabon 'ya mace shi ne 7G bisa 8(2m + n). In gonar eka 4 ce, maza 2, mata 3, kowace 'ya ta sami rabin eka, kowane ɗa eka 1, matar rabin eka.

Ƙa'idar aljabara ita ce kada na ƙasa ya zama sifiri, don ba a rabo da babu. Fiƙihu ma a nan ya sauya hukunci: in babu zuriya, matar rubu'i take samu. In kuwa 'ya'ya mata ne zalla, nasu kason daban ne, wannan jumla ba ta aiki.

A ƙarshe, jumlar na nuna abin da dattawa suka daɗe da gani. Na ƙasa yana ƙaruwa da kowace haihuwa, na sama kuwa yana nan yadda kakanni suka bar shi. Shi ya sa ɗan da ya gaji eka 1 yakan dage da kai taki, ko ya sayi rabon 'yan'uwansa mata, ko ya tafi cin rani.